Inci Biyar

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da lissafi a makarantun sakandare kafin in gina gidan kaina, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Idan gardama ta tashi a kan lamba a majalisarmu, ni ake jira in yanke hukunci. Har yau ina da saurin fushi, amma a wancan zamanin abin ya fi haka, musamman in wanda bai taɓa riƙe alli ba ya ce zai gyara mini lissafi.

Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara aka maido mu gida daga Sakkwato, ni sai aka turo ni Ƙaura. Na sami wani ɗan fili a bayan layin dogo, ƙarami ƙwarai, irin wanda in ka yi atishawa a tsakiyarsa maƙwabta huɗu za su yi maka addu'a. Na fara gini sannu a hankali, bulo yau, siminti gobe. Da aka zo rufi ban sa kwano ba, na zuba kankare, abin da magina ke ce wa dakin. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce bene nake so in ɗora wata rana. Gaskiyar magana kuwa don Inna na yi shi.

Inna ita ce mahaifiyata. Tun da Baba ya rasu take zaune a gidanmu na Gurbin Bore tare da ƙanena da matarsa. Na san gwiwoyinta suna damunta, kuma da damina hanyar garin ba ta kai marar lafiya asibiti a kan lokaci. Sau uku ina roƙon ta dawo Ƙaura wurina, sau uku tana ƙi. Ba ta taɓa faɗa mini da bakinta ba, domin ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba. Ni ne “wancan”, ni ne “mutumin nan”, da na fara aiki kuma na zama “mutumin Sakkwato”. In na durƙusa na gaishe ta, za ta amsa ne tana kallon bango. Duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta bakin matar ƙanena, ko da kuwa mu uku muna zaune a tabarma ɗaya.

Ta bakin matar ƙanen nawa na ji dalilinta. Wai gidan birni akurki ne, ba wurin shanya. Inna daddawa take yi tun tana amarya, ga busasshiyar kuɓewa, ga kuka, ga barkono. Ta ce ranar da aka raba ta da shanya, ranar ta zama kayan ajiya, ita kuwa ba za ta je gidan ɗa a ajiye ta ba. Sai na aika mata cewa na yi mata rufi shimfiɗaɗɗe, wanda akuya ba ta hawa, kaza ba ta kai, rana kuma tun safe har yamma. Mako biyu ban ji komai ba. Daga baya saƙo ya zo, kalma shida: “In an gama, a zo gani.” Duk wanda ya san Inna ya san wannan ya kusa zama amincewa. Abin da ya rage shi ne matakalar da za ta kai ta can sama, in kuwa ta kasa hawa, na san a motar da ta kawo ta za ta koma.

Da farko a jikin bangon gabas na yi niyyar yin matakalar, inda akwai tsawo har ya yi yawa. To shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a Ƙaura ya zama mai lura da haƙƙin maƙwabci, wasu da gaske, wasu don a gani. Maƙwabcina na gabas, wani tela, ya zo mini da limamin unguwa. Ya ce duk wanda ya hau ta nan zai ga tsakar gidansa. Raina ya ɓaci, na ce tsohuwa ce za ta hau, ba ɗan leƙen asiri ba. Liman bai ja da ni ba, ya ce kawai in hau tsani in duba. Na hau ina huci. Ban kai rabi ba na hango tsakar gidan tela har da tukunyar da ke kan murhu da zanen da aka shanya. Na sauko na ba shi haƙuri. Muka tsaya a kan za a ja katanga a gefen rufin da ke kallon gidan tela ta wuce tsayin mutum, matakala kuma ta koma cikin gida ta yamma, tsakanin kicin da wurin da na ware don gareji. Mota ban da ita, babur nake hawa, amma gareji kam na ware.

Wurin da ya rage tsawonsa ƙafa goma sha huɗu da rabi ne kacal. Na ɗauko tef na auna daga ƙasa zuwa saman dakin, ƙafa goma da rabi, wato inci ɗari da ashirin da shida. Littafin gini da na aro ya ce tsayin mataki ɗaya ya kasance wajen inci bakwai. Na raba, sai ga goma sha takwas cif, ba saura. Faɗin kowane mataki inci goma, wurin ya ɗauke su har da ɗan rara. Na ji daɗin wannan lissafi kamar yadda manomi ke jin daɗin kunya miƙaƙƙiya. Na zana shi da jan biro da shuɗi a takardar jarrabawa, na kai wa magini.

Maginina dattijo ne mutumin Shinkafi. Da ginin ƙasa ya fara, shekara da shekaru, kafin ya koma bulo da siminti. Ba ya karatun boko, amma yana iya duban bango daga nesa ya ce ya karkace, a sa igiya a ga haka ne. Ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye, ni kuwa ban gyara masa ba, don mugunta.

Ya ce, “Malam, wa ka hawan abin ga?”

Na ce, “Inna.”

“Ƙahwatta lahiya lau?”

“Da ɗan ciwon gwiwa, irin na tsufa.”

Ya miƙo mini takardata. “To tahi ka auno muna inda take takawa kullum. Ƙohwar ɗakinta. Abin da ƙahwatta ta saba ɗagawa, shi na awonmu, ba na littahi ba.”

Na ji maganar ta soke ni. Na ce masa waɗanda suka rubuta littafin nan sun gina benaye masu hawa ashirin. Ya ce ya yarda, amma ko ɗaya daga cikinsu bai san Inna ba. Na tafi ne don kawai in rufe masa baki.

Hutun makaranta ake yi, don haka washegari na hau babur na bi ta Zurmi na isa gida da hantsi. Na gaishe da Inna, ta amsa tana kallon rumbu. Ƙofar ɗakinta tana da dokin ƙofa mai faɗi, wanda Baba ya gina ya shafe da siminti don kada ruwan sama ya shiga. Faɗinsa ya sa ba a tsallake shi, sai an taka. A gindinsa akwai wani tsohon dutsen niƙa da ya cinye, an kife shi a ƙasa. Na ture shi gefe da ƙafa don bakin tef ya taɓa ƙasa sosai, domin ni ba na awon ganin dama. Inci takwas. Har dariya na yi ni kaɗai. Na sha fura, na yi sallama, na juyo tun kafin azahar.

Na sami magini yana cin goro a inuwar bango. Na ce masa, “Inci takwas take hawa kullum, safe da yamma. Nawa bakwai ne. Na ma rage mata.”

Ya ɗaga kai ya dube ni. Sannan ya ce, “To, ai kai ad da ilimi.”

Aka kira kafinta, wani Kirista mutumin Filato da ya daɗe a Ƙaura. A shekarar wasu 'yan uwansa sun tattara sun tafi saboda fargaba, shi kuwa ya ce inda ya binne mahaifinsa nan ne garinsu. Kwana uku ya yi yana buga katakon da za a zuba kankare a ciki, matakai goma sha takwas a miƙe, aka ɗaura rodi, aka kawo yashi da tsakuwa. Na sa ranar Alhamis a zuba. Sai magini ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa fashin kasuwar Shinkafi ba, kuma ba zai fara a kan matakalata ba. Juma'a rabin yini ce, kankare kuwa in an fara zuba shi ba a tsayawa. Lahadi kafinta yana coci. Sai Asabar.

Na yi faɗa ranar, ba na musu. Na ce tsakanin Alhamis ɗinsa da Juma'ar kowa da Lahadin kafinta, mako ya koma kwana huɗu, shi ya sa ba ma ci gaba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Dattijon nan ya karkaɗe hularsa ya tafi tasha.

Da Alhamis ta zo na rasa abin yi, fushi kuma bai sauka ba. Na ce bari in je gida in ɗauko gero, in kuma aika wa Inna cewa ta fara shiri, bayan kaka za a zo ɗaukarta. Na isa ana kiran azahar. Na nufi ƙofar ɗakinta da saurina don in yi sallama, sai na yi karo da dutsen nan, babban yatsana ya daku har na ga wuta. An maido shi daidai inda na ture shi.

Na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. “Wai wa ke ta maido da dutsen nan bakin ƙofa? Tuntuɓe zai sa mutane!”

Na sunkuce shi na kai shi can gindin rumbu na yar. Ashe Inna ba ta cikin ɗakin, tana bayan gida tana alwala. Na zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya ina murza yatsana.

Ta fito da buta a hannu, tana tafiya a hankali. Na gaishe ta daga zaune, ta amsa ba ta dube ni ba. Ta isa ƙofar ɗakinta ta tsaya. Ta ajiye butar, ta dafa bango. Ta ɗaga ƙafar dama, ƙafar ta tashi kaɗan, ta taɓa jikin dokin ƙofar, ta dawo ƙasa. Ta gwada ta hagu, haka. Ta dubi ƙasa, inda shatin dutsen yake da ɗan damshi. Ta san ina kallo, ta kuma ji abin da na faɗa. Sai ta juya ta ba ƙofar baya ta fara kiran kaji, alhali babu ko ƙwayar tsaba a hannunta.

Kajin suka taru suna dubanta. Ni ma ina dubanta, kaina bai gama ɗauka ba. Matar ƙanena ce ta leƙo daga madafi, ta ga Inna a tsaye, ta ga ƙofa ba dutse. Ta saki muciya ta ruga gindin rumbu, ta kinkimo shi ta maido. Inna ta taka dutsen, ta huta, ta taka dokin ƙofar, ta shige. Hawa biyu take yi, ni kuma na auna ɗaya.

Na ja matar ƙanena gefe na tambaye ta tun yaushe.

Ta ce, “Tun damanar bara waccan, Yaya.”

“Me ya sa ba wanda ya gaya mini?”

“Ita tac ce kada a hwaɗa maka.” Sai ta ƙara da ƙaramar murya, “Ranar da kaz zo da abin awo ma, bayan ka tahi ni na wuce gidan suna. Waje tay yi azahar da la'asar, bisa tabarma, sai da nid dawo.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na bar mahaifiyata a waje yini guda, na tafi ina dariyar na ci gardama. Kuma da a ce ba ni ne ɗan fari ba, da tun ranar ta ce, kai, maido mini da dutsena, magana ta ƙare. Bayan kunyar sai tsoro ya biyo, domin na tuna yau Alhamis. Da magini ya bi umarnina, da a daidai wannan lokacin kankare yana bushewa a matakai goma sha takwas masu inci bakwai-bakwai, waɗanda Inna ba za ta iya hawa ko na farkonsu ba. Da ta zo ta tsaya a gindinsu ta kira kaji, ta kwana biyu don kara, ta koma gida, ba kuma za ta taɓa gaya mini dalili ba.

Na laluba aljihu, ban zo da tef ba. Malamin lissafi guda, ranar da yake buƙatar awo na gaskiya, ba shi da abin awo. Na je jikin danga na zaro karan dawa, na durƙusa a ƙofar ɗakin, na dafa shi a kan dutsen, na yanke shi daidai saman dokin ƙofar. Inna tana ciki tana salla. Na sa guntun karan a aljihun gaba, na manta da geron da na zo ɗauka. Tun daga Gurbin Bore har Zurmi alhamdu lillahi kawai nake yi a kan babur, da ƙarfi, har wani mai jaki ya tsaya yana kallona. Na yi wa kasuwar Shinkafi addu'a ranar, ita da duk masu cin ta. Da na isa gida na ɗora karan a kan tef, inci biyar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci magini ya zo duba katako. Na yi ta shirya yadda zan fara magana, amma da na gan shi sai kawai na ciro karan na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya dube ni, na ba shi labari duka, ban rage komai ba, har da kajin. Na kuma roƙe shi gafarar maganganun da na faɗa masa.

Ya ce, “Ba komi, Malam. Ni cewa niy yi ka auno inda take takawa. Kai kuwa kat tahi ka auno inda kai kake takawa.”

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, wannan ma ya fi mini zafi da a ce ya yi ta gori. Ya sa aka ɗauko wata doguwar gora ya tsayar da ita daga ƙasa zuwa saman dakin, ya yi alama. Ya kwantar da ita, ya riƙa ɗora guntun karan nan yana ja da gawayi, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na koma gefe da biro ina raba ɗari da ashirin da shida gida biyar-biyar. Na ɗago zan ce ashirin da biyar saura ɗaya, sai na ji ya ce, “Ashirin da biyat, da ɗan yatsa guda.”

Nan wata matsalar ta taso. Magini ya ce faɗin mataki ma sai an ƙara, yadda tafin ƙafarta zai zauna duka har da takalmi, wato inci goma sha ɗaya. Na buga, sai na ga ana buƙatar tsawon ƙafa ashirin da biyu, ni kuwa goma sha huɗu da rabi gare ni. Na sake bugawa, haka dai. Na ce ba za ta shiga ba.

Ya ce, “A miƙe ba ta shiga. Naɗe ta za mu yi, awa tabarma.”

Ya zana mini a ƙasa da tsinke. Matakai goma sha uku su tafi, sai fili mai faɗi inda mutum zai huta, shi ya kira shi mahuta, sannan goma sha biyu su juyo su kai sama. Na buga lissafi, tsawon ya shiga cif. Amma faɗin ya ninka, kuma babu inda zai ci sai garejina.

Ba zan yi ƙarya ba, raina bai so ba. Na daɗe ina ganin wata farar mota a wurin nan cikin zuciyata. Matata tana tsaye a ƙofar kicin tana jin mu, sai ta ce, “Malam, ai motar da ba ka da ita rana ba ta dukanta.” Magini ya sunkuyar da kai yana dariya. Ni ma sai na yi, na ce a cinye garejin.

Kafinta da ya zo ranar Asabar ya ga ana cewa a kwance aikin kwana uku, ya riƙe ƙugu ya ce, “Malam, ba kai ne ka ce lissafi ba ya ƙarya ba?” Na ce lissafin bai yi ƙarya ba, mai lissafin ne. Da ya ji labarin dutsen sai ya daina tsokana, ya ce tasa tsohuwar ma haka take, sai ta faɗi sau uku kafin a ji. Ya zare ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya ya miƙar da su.

Ilimin nawa dai bai tashi a banza ba, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Magini ya ce ƙafa matakai uku na farko kawai take koyo, daga nan sai ta yarda ta daina dubawa, saboda haka in mataki ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa, shi ne mai kayar da mutum. Wannan incin guda da ya yi saura ba za a jibga shi a mataki ɗaya ba, sai an raba shi ga duka ashirin da biyar. Wannan kam aikina ne. Na zauna na fitar da tsayin kowane mataki daga ƙasa, na rubuta a jikin gorar kusa da alamun gawayinsa, kafinta ya bi. Aka sa bututun ƙarfe na riƙewa a gefe. A mahutar magini ya gina ɗan dakali na zama, ban ma ce ya yi ba. Ƙofar ɗakin da Inna za ta zauna kuwa ya fasa dokinta ya maido shi daidai da ƙasa. Bayan mako guda, ranar Talata, aka zuba kankare, na tsaya a kai tun safe har aka gama, ban yi wa kowa faɗa ba.

Bayan kaka ƙanena ya kawo Inna a akori-kura. Kayan da ta zo da su kaɗan ne, na mai zuwa gani: akwati ɗaya, faifai uku, rabin buhun kalwa, tukunya guda. Manyan tukwanen daddawarta duk ta baro su gida. Abu na ƙarshe da aka sauke wani ƙunshi ne mai nauyi a cikin tsohon buhu. Da aka kwance sai ga dutsen niƙan nan. Na gane ba ta yarda da matakalar ba tukuna. Ta nuna wa ƙanena gindin matakala da haɓa, ya kai shi ya ajiye a gaban mataki na farko.

Kwana uku ba ta je kusa da wurin ba. Takan zauna a ƙofar ɗakinta ta dubi matakalar ta gefen ido, yadda take dubana. Ni kuma ba damar in ce ta gwada. Abinci ma ba na jin ɗanɗanonsa. Matata ta ce in kwantar da hankalina, tsohuwa ba ta son a sa mata ido, in daina zirga-zirga a tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai.

Rana ta huɗu Asabar ce. Da hantsi ina ɗakina ina duba littattafan ɗalibai, labule a sake, sai na ji takunta. Na leƙa ta gefen labulen. Tana riƙe da faifai da yankakkiyar kuɓewa a hannun hagu. Ta tsaya a gaban dutsen ta dube shi, ta dubi matakin farko. Ta kama ƙarfen da hannun dama. Sai ta raɓa ta gefen dutsen, ta ɗaga ƙafa daga ƙasa ta ɗora a kan matakin, ƙafar ta zauna. Ta jawo ɗayar.

Na ƙirga tare da ita, biro a hannuna. Ba ta yi sauri ba, kowane mataki sai ƙafafunta biyu sun haɗu a kai kafin ta nemi na gaba. A na bakwai ta tsaya, ashe gyara riƙon faifai take yi. A na goma sha uku ta isa mahuta ta zauna a dakalin, ta miƙe ƙafafu, ta ɗan jima. Sannan ta tashi ta juya, bango ya tare mini ita, sai takunta kawai nake ji, ina ƙirgawa a zuci har ashirin da biyar. Na zauna a bakin gado, sai na ga jan biro ya ɓata littafin wani ɗalibi ban sani ba. Wani nauyi da na ɗauka tun ranar kajin nan ya sauka daga ƙirjina, na yi hamdala har na rasa adadi.

Ta fi awa guda a sama. Jirgin ƙasa ya shigo tasha yana kuka, na ji ta kira matata ta zo ta gani, wai ashe haka tsawonsa yake. Saukowa ta fi hawa wuya ga mai ciwon gwiwa, na sani, don haka na koma bakin labule. Ta sauko da kanta, matata tana biye da ita ba ta taɓa ta ba. Da ta taka ƙasa sai ta tsaya kusa da dutsen, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, tana fuskantar matata, bayanta yana wajen tagata.

“Ki ce ma mai gidan ga shi kawar da dutsin ga daga nan. Tuntuɓe za shi sa mutane.”

Na fito na sunkuya na ɗauke shi. Ta kawar da kai kamar kullum, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, amma na ga kafaɗunta suna motsi, dariya take yi. Da yamma ta sa matata ta gaya mini in aika wa ƙanena ya kawo mata sauran tukwanenta.